Kwana uku WSPR bai kama mini ko tasha ɗaya ba, a taimaka

Sabon Shiga, Litinin 9:14 na dare
Assalamu alaikum manyanmu. Abin nan ya fara ƙona mini rai. Na sauke manhajar WSJT-X mai fassara siginar rediyo a laftof, na haɗa da ɗan rediyon RTL-SDR ɗin nan mai kama da filas, na ja waya mai tsawon mita 10 daga tagar ɗakina zuwa darbejiyar ƙofar gida. Sauraro kawai nake so, ban kai ga lasisin watsawa ba tukuna. Burina in ga ko daga nan Kano zan ji tashoshin WSPR na Turai, masu aika gajeren saƙon gwaji da 'yar wuta kaɗan don a ga inda sigina ke kaiwa, a zangon mita 20. Yau kwana uku ko layi ɗaya bai fito ba. Na kuma duba VOACAP, mai hasashen hanyoyin rediyo, ya ce hanyar Kano zuwa Landan a buɗe take da yamma. To ina gizo ke saƙar?

Injiniyan Zariya, 9:31
Wa alaikumus salam, barka da zuwa ƙanena. Kafin mu zargi sama, mu fara duba ƙasa. A gefen hagu na manhajar akwai wata sanda da ke nuna ƙarfin sauti. Lamba nawa take kai? Sannan ka tafa hannu kusa da laftof ɗin ka gaya mini ko ta motsa.

Sabon Shiga, 9:36
Tana wajen 20. Na tafa, ta yi tsalle har sama. Ɗazu ma da yaro ya yi kuka na ga ta hau, na ɗauka sigina ce ta shigo.

Ɗan Damagaram, 9:38
Wato kwana uku kana jiran Landan, manhaja tana sauraron kukan yaro. Allah ya raya mana shi.

Injiniyan Zariya, 9:45
Kar ka ji kunya, kusan kowa ya faɗa wannan ramin. WSJT-X bai san da zaman SDR ɗinka ba, sauti kawai yake jira, kuma ya ɗauki makirfon laftof. Sai ka sa masa bututu tsakanin manhajar SDR da shi. Ka sauke VB-Cable, shi ne bututun. Sunayen ne ke rikita mutane: manhajar SDR za ta zuba sautinta cikin CABLE Input, shi kuma WSJT-X zai sha daga CABLE Output. Duka ɓangarorin ka sa su a kan 48000 Hz. Idan ka gama, ka daidaita ƙarar har sandar ta tsaya wajen 30 lokacin da babu komai sai shuu. Ka tabbatar salon karɓar rediyon yana kan USB (sunan salo ne, ba ramin filas ba), ba LSB ko AM ba, kuma faɗin tacewar ya kai kamar 3000 Hz.

Sabon Shiga, 10:40
Na yi duka. Yanzu ko na tafa ba ta motsi. Amma har yanzu shiru.

Baba Mai Eriya, 10:52
Ku yaran yanzu sai kun haɗa manhaja huɗu kafin ku san ko hanya a buɗe take. Mu da kunne muke yi. Ɗana, ka murɗa zuwa 14.100 MHz ka zauna minti uku. Akwai tashoshin alama guda 18 a duniya, kowace tana kira na sakan 10 ta ba ta gaba, cikin minti uku sun zagayo. Kowace takan faɗi sunanta da Mos, wato rubutun gajeru da dogayen sautuka, ta ja dogon sauti da wat 100, sannan 10, sannan 1, sannan kashi ɗaya cikin goma na wat. Idan ka ji ZS6DN ka san Afirka ta Kudu ta buɗe, idan 5Z4B ce to Kenya, CS3B kuma tsibirin Madeira. Ba intanet, ba data.

Injiniyan Zariya, 11:01
Allah ya ƙara lafiya Baba, gaskiya ne, amma yaron bai iya Mos ba tukuna. Kuma ko tashoshin alamar sai agogonka ya yi daidai za ka san wace ce ke kira idan siginar ta yi rauni. Wanda ya kawo ni ga tambaya ta biyu. Ƙanena, agogon kwamfutarka fa?

Sabon Shiga, 11:04
Daidai yake. Da wayata na saita shi.

Injiniyan Zariya, 11:15
Daidai na ido daban, daidai na WSPR daban. Kowace tasha tana fara watsawa sakan ɗaya bayan shigar minti mai cika biyu, wato :00, :02, :04, ta yi sakan 110.6 tana aika saƙo ɗaya tak: alamar kiranta, murabba'in taswirar duniya da take ciki, da ƙarfin wutarta. Manhajarka ma a wannan lokacin take buɗe kunne. Idan agogonka ya kauce da 'yan sakanni, kan saƙon ya wuce kafin ta fara ji. Ka buɗe time.is a burauza, zai gaya maka tazarar da ke tsakaninka da ainihin lokaci.

Sabon Shiga, 11:19
Ya ce ina baya da sakan 47.

Ɗan Damagaram, 11:21
Agogon ɗaurin aure ke nan.

Injiniyan Zariya, 11:30
To ka gani. Danna daidaita lokaci na Windows zai gyara na yau, amma ba ya yi akai-akai, kuma agogon tsohon laftof yakan zame. Ka sa Meinberg NTP, shi yana gyarawa a hankali ba tare da ka kula ba. Wanda ke wurin da netwok ke zuwa yana tafiya, gara ya sayi ɗan GPS mai shiga USB ya riƙa ɗaukar lokaci daga tauraron ɗan adam. Masu 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi na da su kula sosai, yawancinsu ba su da agogo mai batir, duk sanda aka ɗauke wuta suka dawo sai sun samu intanet kafin su san lokaci. Sai da safe.

Sabon Shiga, Talata 4:20 na yamma
Ina wuni jama'a. An samu ci gaba. Na bi shawarar wani a nan da ya yi mini magana ta gefe, na gwada FT8, wani salon aika saƙo da ke cikin WSJT-X, a 14.074. Layuka suka cika allo: Italiya, Sifen, Jamus, har Burazil. A ginshiƙin DT, mai nuna tazarar lokaci, ina ganin 0.1, 0.2. Amma da na koma WSPR, shiru kamar maƙabarta.

Na Kumasi, 4:33
Ni ne na yi masa maganar. FT8 shi ne gwajin da ya fi sauri, don zagayensa sakan 15 ne kuma mutane sun cika shi. Tunda DT ya sauko ƙasa da rabin sakan, agogo ya fita daga zargi, sauti ma haka. Saura mita. Ɗan'uwa, wace lamba ka rubuta a SDR ɗin?

Sabon Shiga, 4:35
14.0971. Ita na ga tashoshin suna kai a shafin WSPRnet, inda ake tara rahotannin WSPR.

Na Kumasi, 4:44
Nan ne. Wannan ita ce inda siginar take zaune a iska, ba inda za ka ajiye rediyonka ba. Kai za ka tsaya a 14.0956 a USB, sai siginar ta faɗo a sautin 1500 Hz, tsakiyar tagar da manhajar ke dubawa, daga 1400 zuwa 1600. Faɗin tagar 200 Hz ne kacal, kowace tasha kuma ba ta wuce 6 Hz ba. Da ka tsaya a 14.0971 ka taka siginar da ƙafa, ta koma sifili, babu abin da zai shiga tagar. Ka tuna WSJT-X ba ya juya SDR ɗinka, lambar da ke fuskarsa ado ce kawai in ba ka haɗa su ba. Ta mita 40 ita ce 7.0386, ta mita 30 kuma 10.1387.

Sabon Shiga, 4:58
Allahu Akbar! Layi uku sun fito! Ɗaya daga Ingila, murabba'i IO91, ƙarfi 37, SNR -24. Me 37 ɗin ke nufi?

Injiniyan Zariya, 5:06
Barka! 37 dBm wat 5 ke nan. 30 wat ɗaya, 23 kuma milliwat 200. Wato mutumin da wutar da ba ta kai ta ƙwan fitilar ɗaki ba ya ratso kusan kilomita 4,500 ya sauka a darbejiyarka. -24 ɗin kuwa na nufin siginar tana can ƙarƙashin hayaniya, kunne ba zai taɓa jin ta ba. Wanda ya ƙirƙiro tsarin a 2008, Joe Taylor na jami'ar Princeton, masanin taurari ne da ya ci kyautar Nobel ta fizis a 1993. Aikinsa ke nan tun asali, tsamo sigina mai rauni daga cikin shuu.

Baba Mai Eriya, 5:20
Abin da kunne bai ji ba ni ban kira shi magana ba. Amma barka ɗana.

Sabon Shiga, Alhamis 1:10 na rana
Na dawo da wata. Na bar shi yana aiki kwana biyu. Abin mamaki, da rana tsaka kusan ba na samun komai, wotafol ɗin, wato allon da ke zana sigina, sai wasu layuka a tsaye jere-jere kamar haƙoran mataji. Jiya da asuba kuma aka ɗauke wuta a unguwa, ina kan batirin laftof, na kama tashoshi fiye da na kwana biyun a haɗe.

Ɗan Damagaram, 1:25
Ni wannan na san shi kamar yunwar cikina. A nan Zinder sai kuran ya tafi nake jin duniya. Kana da sola a gida?

Sabon Shiga, 1:27
Akwai, da inbata. Wayar eriyar ma ta bi ta kusa da wayoyin da suka sauko daga faifan solar.

Ɗan Damagaram, 1:41
To ka kama ɓarawonka da kanka. Na'urar cajin sola tana yanka wuta dubban sau a sakan, wayoyin da suka sauko daga rufi kuma su zama eriyarta. Shi ya sa haƙoran matajin suke fitowa da rana su ɓace in rana ta faɗi. Ka yi gwajin nan: kashe komai na gidan daga babban makunni, har inbata, ka zauna kan batir, ka rubuta inda hayaniya ta tsaya. Sai ka riƙa kunnawa ɗaya bayan ɗaya. Ni da na yi, manyan masu laifi uku ne: cajar laftof ta bakin titi da na saya da araha, ƙwan fitila guda na zaure, da na'urar solar. Cajar na jefar, ƙwan na canza, solar kuwa ba yadda zan yi da ita, uwargida ba za ta yarda firji ya mutu don in ji Jamus ba. Na nannaɗa wayoyinta a zoben farait, baƙin zoben nan mai rage hayaniyar waya, na kuma mayar da eriya can ƙarshen gida.

Injiniyan Zariya, 1:58
Ƙari a kan haka, kada wayar eriya ta shigo ɗaki tsirara har bakin SDR. Duk abin da ke cikin ɗakin za ta kwasa. Ka bar wayar a waje, ka shigo da kebul mai sulke, ka yi masa 'yan zagaye a zoben farait kafin ya shiga. Tunda mita 20 kake so, ka yanka waya biyu kowace kamar mita 5, ka yi eriya mai hannu biyu, za ka sha mamaki. Kuma idan hunturu ya kama, ƙurar da iska ke kaɗawa tana tara caji a doguwar waya har ta ba ka shokin a yatsa, ta kuma iya kashe ɗan SDR ɗin. Da damina ba sai na faɗa ba, ka ga hadari ka cire kebul.

Ɗan Damagaram, 2:15
Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke raina. VOACAP ɗin nan da yaron ya ambata tun farko ni na daina yarda da shi. Sau nawa zai nuna mini ja-wur, wai Faransa a buɗe, in kunna in ji iska kawai. Wani lokacin ya ce a rufe, in kama Japan. Duba ce kawai da kwamfuta.

Malamar Fizis, 3:02
Malam Ɗan Damagaram, a yi mini afuwa, zan ɗan kare shi. VOACAP bai taɓa yi wa kowa alkawarin yau ba. An gina shi ne don Muryar Amurka, a kan wata tsohuwar manhaja mai suna IONCAP, saboda masu tsara shirye-shirye su san wace mita za su sa wa wane yanki a wane wata. Su abin da ya dame su shi ne wata guda, ba yammacin Alhamis ba. Idan ya ce kashi 70, yana nufin cikin kwana 30 ana sa ran kamar kwana 21 hanyar za ta yi aiki a wannan sa'ar. Sauran kwana taran fa? Bai san ko waɗanne ne ba. Kamar a ce maka Agusta watan ruwa ne, ka fita ranar da ba a yi ba ka ce an yi ƙarya.

Sannan yawancin masu kuka da shi tambayar da suka yi masa ce ba daidai ba. Akwai wurin da ake zaɓar hayaniyar unguwa. Idan ka bar shi a kan ƙauye mai shiru, wajen -164, alhali kana zaune tsakiyar inbatoci da janareto inda ko -140 ta masana'antu ba ta isa ba, ka ba shi kyautar fiye da 20 dB da ba ka da ita. Dole ya nuna maka ja. Haka idan ka ce masa eriyarka na kan hasumiya alhali tana kan darbejiya. Sa'o'insa kuma na UTC ne, wato agogon GMT, mu da ku a Nijar muna gaba da awa ɗaya.

Na uku, adadin tabon rana, wato baƙaƙen ɗigon da ke fitowa a fuskar rana. Ba na yau yake so ba, matsakaicin watanni yake so wanda aka lallasa. Kuma a 2015 cibiyar da ke ƙirga tabon a Brussels ta sake ma'auninta, sababbin lambobin suka fi na da girma, shi kuwa a kan na da aka gina shi. VOACAP na intanet yana cike wannan da kansa. Mai amfani da na kwamfuta, wanda ke zama a C:\itshfbc, shi ne zai kula kada ya zuba masa lambar da ta yi yawa.

Ɗan Damagaram, 3:20
Malama na ji, kuma na amsa laifin hayaniyar, ban taɓa taɓa wurin ba. Amma Japan ɗin fa da ya ce a rufe?

Malamar Fizis, 3:34
Da wane salo ka tambaye shi? In ka zaɓi murya, yana lissafin siginar da kunne zai fahimta ne. WSPR na tsamo abin da ke ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Hanyar da ta rufe wa murya tana iya zama a buɗe gare shi.

Baba Mai Eriya, 3:50
'Yata ta yi magana. Abin da take faɗa mu mun san shi tun ba mu san sunansa ba. Duk wanda ya girma da sauraron Sashen Hausa na BBC a gajeren zango ya san mitar safe daban, ta rana daban, ta dare daban, kuma sukan canza su idan lokaci ya juya. Da rana ka nemi mita 16 ko 19, da dare ka sauko 31 ko 41. Mahaifina bai san ayonosfiya ba, rufin saman nan da ke dawo da sigina ƙasa, amma ya san inda zai murɗa bayan isha'i.

Sabon Shiga, Asabar 8:05 na dare
Na yi eriya mai hannu biyu, na mayar da ita bayan gida, na canza caja. Bambancin kamar dare da rana, yanzu har Amurka nake kamawa. Saura abu ɗaya. Bayan magariba, kamar daga bakwai da rabi, ina ganin layukan WSPR a wotafol da idona, masu ƙarfi ma, amma sun yi kauri sun baje kamar an shafa alli da hannu, kuma ba ya fassara su. FT8 yana ɗan yi. Na kashe komai na gidan, bai canza ba. SDR ɗin ne ya yi zafi?

Na Kumasi, 8:16
In zafi ne, layukan za su karkace gefe ɗaya duka tare, kuma za ka ga lambar ginshiƙin Drift ta tashi a kowace tasha. Bajewa daban ce. Ni ma ina ganinta a nan, musamman wajen Maris da Oktoba.

Malamar Fizis, 8:49
Wannan ba na gidanka ba ne, na sama ne, kuma rabonmu ne mu da ke wannan yanki. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya bai bi layin Ikwaita na taswira ba. A Afirka ta Yamma ya hauro arewa, yana ratsawa ta Najeriya, kusan a kan kawunanmu. Da rana wutar da ke gudana a can sama tana tura iskar mai caji sama kamar maɓuɓɓuga, ta zubo gefe biyu, wajen digiri 15 arewa da kudu da layin. Idan rana ta faɗi, ƙasan wannan rufi na iska mai caji yakan ɓace da sauri, saman ya ƙara ɗagawa, sai ya zama abu mai nauyi a kan mara nauyi. Daga nan kumfa-kumfa ke tasowa suna yayyaga rufin. Siginar da ta bugi irin wannan ba ta dawowa a mita ɗaya, tana dawowa a warwatse tana rawa. Su Baba sun san ta, ita ce muryar da ke karkarwa kamar mai magana a bayan fanka.

To WSPR sautuka huɗu yake amfani da su, tazarar kowane da na kusa da shi ba ta kai 1.5 Hz ba. Idan sama ta baje siginar da Hz biyu ko uku, sautukan sun shige cikin juna, komai ƙarfinsu. Na FT8 tazararsu 6.25 Hz ce, shi ya sa yake ɗan jurewa. VOACAP ba ya lissafa wannan ko kaɗan, zai ce maka sigina za ta iso, kuma ta iso ɗin, a yage. Yawanci yakan lafa cikin dare.

Ɗan Damagaram, 9:00
Wato a nan ma bai yi ƙarya ba, ya dai yi shiru a kan rabin labari.

Malamar Fizis, 9:07
Na yarda da wannan. Shi ya sa nake roƙon ƙaninmu ya kunna Upload spots, wato tura rahoton abin da ya kama zuwa WSPRnet. Ku buɗe taswirar WSPRnet ku ga yadda Turai ta cika maƙil, ku dubo namu yankin. Duk rahoton da ya tura, da sa'o'in da ya yi shiru bayan magariba, abu ne da mai nazari zai iya amfani da shi.

Sabon Shiga, 9:15
Zan kunna. Amma wane murabba'i zan sa? Wani shafi ya ba ni JK42, wani JK41.

Injiniyan Zariya, 9:24
Duka biyun Kano ne. Layin digiri 12 ya raba birnin, arewa da shi JK42, kudu JK41. Ka tsaya a tsakar gida ka duba GPS ɗin wayarka. In ta nuna 12 da ɗigo wani abu, 42 ne, in 11.9 ne, 41. Mu nan Zariya JK31, Zinder JK43. Kuma kada ka ari alamar kiran wani ko ka ƙirƙiri mai farawa da 5N ta Najeriya kamar kana da lasisi, ka sa suna na mai sauraro. Ka duba yankin lokaci na Windows ma yana kan UTC+1, don in an bar shi a wata ƙasa aka juya awa da hannu, zai fassara lafiya amma rahotanninka su tafi da sa'ar da ba ita ba.

Sabon Shiga, 9:40
11.97. JK41 ke nan. Na kunna, na ga sunana ya fito a taswira.

Baba Mai Eriya, 9:46
Madalla. Yanzu ka zo gida ranar Juma'a bayan la'asar in fara koya maka Mos. Ka taho da littafi da biro, laftof ɗin ka bar shi yana gadin darbejiya.

Sabon Shiga, 9:49
In sha Allah Baba. Sai dai eriyar ta bar darbejiya, tana kan tankin ruwa yanzu, kuma maƙwabcina ya aiko tambaya ko ita ce ta sa tasharsa ta ƙwallo ke yankewa. Me zan ce masa?

Ɗan Damagaram, 9:52
Ka ce masa taka kunne ce ba baki ba. In bai yarda ba ka kira shi ya zo ya ga Burazil.